Sunayen Tsaga a Bakin Magoga Dutse

A Amurka da Ingila da Jamus da Ostareliya akwai mutanen da in sun taso daga aiki, ko kuma ritaya ta zaunar da su, sai su shige gareji su duƙufa yanka dutse da goge shi. Ba da shi suke ci ba, sha'awa ce kawai. Suna da ƙungiyoyi gari-gari, na Amurka ma sun haɗu ƙarƙashin tarayya guda tun 1947, shekarar da mujallar harkar mai suna Lapidary Journal ta fara fitowa. Duk watan Janairu sukan yi cincirindo a Quartzsite, wani ɗan gari a hamadar Arizona, a baza duwatsu kan tebura a yi ta ciniki. Cikin hajar da ta fi tafiya akwai dutsen da aka riga aka yanyanka da zarton inji, falle-falle, kowanne kaurinsa kamar milimita 6. Da wuya mutum ya binciki tari guda bai ci karo da masu tsaga ba.

Wannan tsagar ce ta tsayar da ni, ko in ce sunayenta. Aibi ɗaya ne a jikin dutse, amma sunan da yake amsawa ya danganta da bakin da ya kira shi. Mai gogewa da hannunsa yana ba shi sunan da zai nuna masa yadda zai ɓullo wa aikin. Mai sayarwa kuwa sau da yawa yana laluben sunan da zai hana mai saye yin tambaya. Tsakanin bakunan nan biyu akwai kuɗi masu yawa, akwai kuma amana.

Sunan aikin kansa ba shi da wuya. Kalmar da Turawa ke kiransa da ita daga lapis ta fito, wato dutse a Latin. A Hausa "magogin dutse" ya wadatar, jam'i magoga, bisa ƙirar maƙeri da masassaƙi. Sunan abin da ake gogewar ne ke son ɗan tunani. Falalen dutse shi ne shimfiɗaɗɗen nan da Allah ya ajiye a bayan gari, wanda ake shanya a kansa, ba hannu ne ya yanke shi ba. Allo ya tafi da ma'anar rubutu. Sala ta nama ce. Falle ya fi zama daidai, domin abu ne marar kauri mai fuska biyu, yadda muke cewa fallen takarda ko fallen kwano. Daga fallen ake zana da'ira ko siffar ƙwai a yanko abin da za a ɗora wa zobe, mai tudun baya da shafaffen ciki, wanda Faransawa suka raɗa wa kabushon. Asalin kalmar caboche, wato kai a tsohon Faransanci, kuma daga nan kabejin da muke yankawa a kwaɗo ya samo sunansa.

"Goge" kuwa kalma ce da aka labta wa kaya fiye da ƙarfinta. Da ita muke goge allo, mu goge riga, mu goge takalmi. A wajen dutse ta lulluɓe ayyuka biyu da ba su yi kama da juna ba. Na farko gurza ne: a ci fuskar dutsen da garin da ya fi shi tauri har sawun zarto ya ɓace. Ma'aunin taurin da kowa ke bi na wani Bajamushe ne, Friedrich Mohs, wanda ya tsara shi a 1812, daga 1 zuwa 10. Mabul yana wajen 3, aƙiƙ yana dab da 7, daimon shi ne 10. Da gangan na ce mabul. Marmara a tsohuwar Hausa jan dutsen nan ne da masu haƙar rijiya ke cin karo da shi, ba farin da ake shimfiɗawa a manyan masallatai ba, ko da yake yanzu ana ara masa sunan.

Garin da aka fi gurza da shi ya haura 9 a wannan ma'auni, kuma ba haƙo shi ake yi ba, a tanderun lantarki ake dafa shi daga yashi da gawayi. Edward Acheson ne ya same shi a Amurka a 1891. Ya zaci kabon ya haɗu da korandam, ma'adinin da yakutu yake cikin danginsa, sai ya haɗe sunayen biyu ya ce kaborandam. Daga baya aka gane silikon ne da kabon, babu korandam ko ƙwaya, amma sunan ya riga ya bi duniya. Da lamba ake sayar da garin: 80, 220, 600, har sama. Lambar daga rariya ta samo asali, yawan ƙofofin da ke cikin inci guda, don haka ƙaramar lamba ce mai manyan ƙwayoyi, babba kuma mai laushi. Aikin kowane mataki shi ne share karce-karcen da na baya ya bari. Ana zuba garin da ruwa a kan faifan ƙarfe mai juyawa ko mai kaɗawa, ko kan gilashi mai kauri in da hannu za a yi. Ruwan dole ne. Busasshiyar ƙurar aƙiƙ tana taruwa a huhu ta taurara shi, ciwon kuma ba ya warkewa; ya ɗauki rayukan magoga da yawa a Khambhat ta ƙasar Indiya.

Ƙarshen gurza santsi ne. Sheƙi aikin mataki na biyu ne, kuma Hausa ta raba su tun tuni: dutsen rafi yana da santsi, ba shi da sheƙi. Ana fito da sheƙi da wani lallausan gari a kan fata ko matsattsen ulu. Akwai tirifoli, mai sunan birnin Tarabulus na Libiya, inda kayan ayarin Kano ke isa bakin teku a da. Akwai ruj, ja ke nan a Faransanci, tsatsar ƙarfe ce da aka lallasa. Wanda aka fi so ga aƙiƙ shi ne garin siriyom, ƙarfen da aka gano a 1803 aka sa masa sunan Ceres, wata 'yar ƙaramar duniya da masana sararin sama suka hango a 1801.

To, a duk matakan nan tsaga abokiyar gaba ce. Man da ake sanyaya zarto da shi yakan shige ta ya zauna, ya riƙa tsattsafowa. Ƙwayar gari mai lamba 80 takan maƙale a ciki, sai an kai mataki na ƙarshe ta faɗo ta ja layi a fuskar da aka yi kwanaki ana gyarawa, dole a koma baya. Garin sheƙi yakan cika ta ya bar farin zare. In abin ya zo da ƙarar kwana, zafi ko kaɗawar inji su raba fallen biyu. Shi ya sa bincike ke zuwa kafin komai. A jiƙa fallen a bar shi ya sha iska: fuskar za ta bushe, amma buɗaɗɗiyar tsaga za ta riƙe ruwa ta fito da duhunta. A haska tocila ta baya. A bi da farce. A riƙe shi da yatsu biyu a ƙwanƙwasa, yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya. Lafiyayye yana amsawa da ƙara, mai tsaga muryarsa a dushe take.

Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Abu ya tsage, layi ne ya shiga amma yana nan a haɗe. Ya dare, tsagar ta buɗe baki. Ya ɓantare, gefe ne ya tafi. Ya fashe, magana ta ƙare. Magoga suna da kwatankwacin duk waɗannan a harsunansu, sai dai suna da guda da kunnenmu bai saba ji a kan dutse ba. Sukan ce tsagar ta warke.

Ita ce kalmar da na fi so a harkar baki ɗaya, domin gaskiya take faɗa. Dutse yakan tsage tun yana ƙarƙashin ƙasa, saboda motsin ƙasa ko nauyin abin da ke kansa. Sai ruwa mai ɗauke da narkakken ma'adini ya riƙa bi ta cikin tsagar shekaru aru-aru, yana ajiye abin da ya ɗauko kaɗan-kaɗan, har ta cike ta like. Tabon yana nan, ido yana ganinsa, wani lokaci ma da launi dabam. Amma farce ba ya kama shi, ruwa ba ya shiga, kuma yana ɗaukar sheƙi tare da sauran jiki. Akwai duwatsun da duk kyawunsu wannan tabon ne. Wanda ya fi suna shi ne saftariyan, da ake haƙowa a kudancin jihar Yuta da kuma Madagaska. Curin laka ne da ya taurare a gindin tsohon teku, cikinsa ya daddare, sannan wani ma'adini rawaya mai suna kalsayit ya cike darewar. In aka yanka shi sai ka ga ɗakuna-ɗakuna da katanga a tsakaninsu. Sunan daga septum ne, abin da ke raba ɗaki biyu a Latin. Wasu masu sayarwa sukan ce daga septem ne, bakwai, wai don tsagar kan rabu gida bakwai, amma duk wanda ya ƙirga zai ga ba haka ba ne. A shaguna kuma ana ce masa ƙwan dodo, wato dodon nan mai aman wuta na tatsuniyar Turawa. Wannan sunan bai cuci kowa ba, tunda babu mai ɗaukarsa da gaske.

Shi kansa aƙiƙ, dutsen da magoga suka fi yankawa, sunansa biyu kowanne da hanyarsa. A harsunan Turai daga wani kogi ne a tsibirin Sisili da Girkawa ke kira Akates, inda ake tsintarsa, kuma Theophrastus, almajirin Aristotle, ya ambace shi kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mu kuwa ta Larabci ya iso mana, kuma harufan da suka gina kalmar ma'anarsu tsagawa da yankewa. Kwarin da ambaliya ta tsaga shi ma aƙiƙ ne sunansa, kamar Wadil Aƙiƙ na Madina. Daga tushen nan ne aƙiƙa, yankan ragon suna, da uƙuƙ, saɓa wa iyaye da yanke haƙƙinsu.

Tsagar da ba ta warke ba kuwa, zaɓi uku ne a gaban magogi. Ko ya kauce mata wajen zane, ko ya danna fallen ya ƙarasa raba shi a kan tsagar ya yi aiki da gutsattsarin, ko ya cike ta. Masu son fallen ya zauna ɗungurungum a kan kanta don kallo, na ukun suke bi. A wanke man zarto da asiton, a ɗan ɗumama dutsen don iska ta fita, a zuba gam mai ruwa-ruwa ya bi tsagar har ƙarshe. Ga ƙananan tsagu sufa gulu ya isa, wanda Harry Coover ya ci karo da shi a 1942, ya shiga kasuwa a 1958. Ga manya akwai dangin efoksi, irin su Opticon, da Hxtal wanda masu gyaran fasassun gilasai a gidajen tarihi ke amfani da shi, yakan kai mako guda kafin ya kama. Wasu har tukunyar zuƙe iska suke sa dutsen a ciki don gam ɗin ya ratsa sosai. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Dutsen da da za a jefar ne aka ceto, kuma mai shi ya san abin da ya yi. Akwai ma waɗanda ke zuba wa gam ɗin baƙin launi da gangan, don gyaran ya fito fili.

Sai dai akwai wani abu da gam ke yi bayan riƙe dutse. Abin da ke sa ido ya ga tsaga shi ne iskar da ke cikinta. Haske in ya fito daga dutse ya shiga iska yakan karkace ya watse, sai wurin ya yi fari. Ma'aunin karya haske na iska 1 ne, na aƙiƙ kusan 1.54, na Opticon ma kusan haka. Da zarar ya maye gurbin iskar, haske ya wuce kai tsaye, tsagar ta ɓace wa ido alhali tana nan. Kalmar da Turawa ke kiran aikin da ita ma'anarta "an tsayar da shi" ko "an tabbatar da shi". A bakin mai sha'awa da ke garejinsa, hakan ake nufi. A bakin ɗan kasuwa kuwa, rabin labarin ne.

Daga nan sunaye suka fara canja fuska. Zumurrudu, koren dutsen nan na Kolombiya da Zambiya, da wuya a sami wanda ba shi da tsage-tsage a ciki. Faransawa suka kira su jardin, wato lambu, suka mai da aibi ya zama kamar ado. An daɗe ana shayar da shi man itacen al'ul don su ɓuya, kuma man yakan bushe ko sabulu ya wanke shi, sai mai zobe ya wayi gari ya ga dutsensa ya yi fari-fari. A nan dai kasuwar ta yi abin kirki guda: ɗakunan gwaji suna rubutawa a takarda ko man kaɗan ne, ko matsakaici, ko mai yawa. A daimon, wanda mukan ce wa lu'ulu'u ko da yake lu'ulu'u na ainihi a cikin kawar teku ake samunsa, sunan tsaga "gashin tsuntsu". In za a yi adalci, haka take kama da shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Amma mai saye da ya ji gashin tsuntsu ba zai kawo a ransa cewa dutsen na iya rabewa ta nan ba. A 1982 Zvi Yehuda a Isra'ila ya fito da hanyar cike wannan da wani abu mai kama da gilashi. Daga 2004 kasuwa ta cika da yakutu mai arha, wanda asalinsa ya tsattsage har ba ya sayuwa, aka ɗura masa gilashi mai dalma. Ruwan lemun tsami ma yana iya cin gilashin, balle wutar maƙerin zobe.

Fairuz labarinsa ya fi tsawo. Sunansa a Turai yana nufin "na Turkiyya", alhali a wancan zamanin daga Nishapur ta Iran ake haƙo shi, ta Turkiyya kawai yake bi. Mai yawa daga cikin na Arizona yana fitowa da taushi kamar alli, sai an jiƙa shi da gam kafin ya ɗauki sheƙi, shi ne "tabbatacce". Akwai wanda aka niƙa ragowarsa aka kwaɓa da gam aka sake curawa. Akwai wanda babu dutse a cikinsa sam, roba ce da launi. Duka ukun kana iya tarar da su a kanti guda da suna guda. Na ƙarshe a jerin sunayen nan shi ne wanda ake kira jijiyar dodo: lafiyayyen aƙiƙ ne aka gasa aka tsoma a ruwan sanyi don ya tsattsage, aka rina tsagun, aka sayar kamar haka ya fito daga ƙasa.

Kalmar da ta lulluɓe duk waɗannan a takardun kasuwa ma'anarta "an inganta shi". Ita ce na fi ƙi. Ta haɗa ɗigon mai da rabin gilashi a buhu ɗaya, ba ta gaya maka abin da aka zuba ba, ba ta gaya maka ko zai daɗe ba. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta wajabta a sanar da mai saye in gyaran ba mai ɗorewa ba ne, ko yana buƙatar kulawa ta musamman, ko yana taɓa farashi sosai. Wajabtawar da kanta shaida ce cewa sunayen ba sa yin aikinsu.

Wani zai ce wannan duk maganar Turawa ce. Ba haka ba ne, domin gyararren aƙiƙ ya daɗe a wuyan kakanninmu. Mutanen Khambhat sun yi ƙarnoni suna gasa aƙiƙ a tukwane don ya yi ja, kayansu kuma suna isowa ƙasashenmu ta hannun alhazai da fatake. Garin Idar-Oberstein na Jamus yana aikin aƙiƙ tun ƙarni na 15, da manyan duwatsun washi da ruwan rafi ke juyawa, magoga suna kwance rub da ciki suna danna dutse a jikinsu. Da nasu ya fara ƙarewa, sai 'yan garin da suka yi ƙaura zuwa kudancin Barazil suka sami wani a can wajen 1830, mai yawa amma launinsa toka-toka. Aƙiƙ yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shan rini. A jiƙa shi da ruwan sukari a bi da asid ya koma baƙi, a shayar da shi ruwan ƙarfe a gasa ya koma ja. Da irin wannan suka ƙera kaya masu ɗimbin yawa don kasuwar Afirka, ciki har da talhatana, abin wuyan nan mai zobe a sama da tsini a ƙasa, wanda Buzaye ke kira talhakimt. Daga baya aka yi ta gilashi a Bohemiya, aka yi ta roba, sunan bai motsa ba. Lantana kuwa jan dutse ne na gaske, daga gefen kogin Kwara a ƙasar Nijar ta yau, fataken Hausa ke kai shi Ilori inda ake huda shi a goge, aikin da ya ja baya a farkon ƙarni na 20. Yau mutane da yawa sun san Lantana sunan mace, ba su san dutsen ba.

Har gobe kuma muna cikin cinikin. Zoben aƙiƙ da na fairuz suna cikin tsarabar Makka da Madina. Matasa suna haƙo duwatsu masu daraja a Nasarawa da kudancin Kaduna da tsaunin Mambila, kuma abin da dillali ke fara dubawa don ya karya farashi shi ne tsaga. Malaman fiƙihu sun gama magana a kan ɓoye aibin haja: haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya gano. Abin da ya rage mana shi ne kalmomin da za su sa aibin ya faɗu da Hausa, kuma muna da su. Dutse ko warkakke ne, ko mai tsaga. In an zuba masa gam ko mai ko gilashi, kada a ce cikakke, domin cikakke a wurinmu marar naƙasa ne, kuma nan take za mu faɗa ramin da muke zargin wasu da shi. A ce mai ciko, kamar yadda ake faɗa a kan haƙori. In an sa masa launi, rinanne. In an sa shi a wuta, gasasshe. In gari ne aka kwaɓa, haɗi.

Don haka in ka tsaya gaban mai zobba, a Kurmi ne ko a Madina, kada ka tsaya a kan "na gaske ne?", domin dutse mai ciko ma na gaske ne, kuma zai ce maka e bai yi ƙarya ba. Tambaye shi ko an rina, ko an gasa, ko akwai ciko. In kuma kai ne mai sayarwar, ka faɗa tun kafin a tambaye ka, ka yanke farashi a kan abin da ka faɗa.